Baƙauye Da Ɗan Daudu A Ƙagaggun Labaranmu

Idan aka tara ƙagaggun labaran Hausa da aka buga tun daga 1984, shekarar da Talatu Wada Ahmed ta fito da Rabin Raina, har zuwa waɗanda ake watsawa yau ta wayar hannu shafi-shafi, aka ce wa mutum ya zaɓo guda goma da labarinsu ya faro a wani ƙauye na ƙasar Daura ya kuma ƙare a can, to, lalle mai zaɓen zai sha rana. Masarautar nan tana da ƙananan hukumomi biyar, wato Daura da Zango da Baure da Sandamu da Mai'aduwa, kuma mafi yawan mutanen da ke cikinsu manoma ne da makiyaya da masu ƙwadago da 'yan cin rani. Amma da zarar an ambaci Daura a rubuce, sai ka ji Bayajida da rijiyar Kusugu da hawan Sallar Gani, in an matso kusa a kawo gidan marigayi Shugaba Buhari. Baturen nan M. G. Smith, da ya wallafa The Affairs of Daura a 1978, ya bi diddigin sarauta da yadda gidan Haɓe ya fita zuwa Zango sannan ya dawo, aikinsa ke nan, ba mu da ja a kansa. Maganarmu da masu ƙaga labari ce.

Duba dai irin rubuce-rubucen da matasa ke aiko wa wannan mujalla. Yaron da aka haifa a Sandamu, wanda ya san ƙanshin ƙasa ranar ruwan shuka, ya san kuɗin buhun taki da kuɗin hayar garmar shanu, sai ka ga tauraron labarinsa ɗan minista ne a Maitama, budurwarsa kuma tana karatun likita a Dubai. Bai taɓa shiga gidan minista ba, don haka duk falon da ya siffanta daga fim ɗin Indiya ya aro shi. Abin da ya sani sarai kuwa ya bar shi a zaure, wai don ba abin labari ba ne.

Mutum biyu muke son mu tsaya a kansu cikin waɗanda ake bari a zauren. Na farko shi ne talakan ƙauye mai cin guminsa. Na biyu shi ne wanda ake jin nauyin kiran sunansa a taron mutunci, wato ɗan daudu. Mun haɗa su wuri guda ne saboda sau da yawa daga gida ɗaya suke fitowa, wani lokaci ma mutum ɗaya ne.

Baƙauye ya daɗe a adabinmu, sai dai da rigar wasa ya shigo. Marigayi Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933, kuma a can da cikin Magana Jari Ce mutumin karkara yakan zo ne a matsayin wanda ɗan birni zai yi wa wayo, ko kuma ya rama da nasa wayon a yi dariya. Ba aibi ba ne ga Imam, domin daga tatsuniya da barkwanci ya ɗebo, kuma nishaɗi ya nufa. Aibin ya zo ne da na baya suka ɗauki rigar wasan suka mai da ita fatar jikin mutumin. Har gobe in baƙauye ya shigo labari, da gurɓatacciyar Hausa zai shigo, ya ji tsoron fanka, ya sha ruwan wanke hannu.

Da aka zo ƙarshen shekarun 1970, Abdulƙadir Ɗangambo ya juya al'amarin a Kitsen Rogo. A nan ƙauye ne wurin tsira, birni kuma tarko. Saurayi ya bar gida yana yi wa rogo kallon kitse, ya faɗa hannun miyagun abokai, ya ɗanɗana kuɗarsa, daga bisani ya gane gida ya fi. Littafin yana da daɗin karatu, kuma ya yi wa ɗalibai da yawa amfani. To amma akwai tambayar da bai tsaya ya amsa da kyau ba, ita ce, me ya kori yaron tun farko? In kwaɗayi ne kaɗai, to wa'azi ya isa magani. Sai dai wata Baturiya mai suna Polly Hill ta zauna a Ɓatagarawa, kusa da birnin Katsina, a 1967, ta bi magidanta gida-gida, ta fitar da littafinta Rural Hausa a 1972, kuma abin da ta gano ya fi kwaɗayi nauyi. Ta nuna cewa mutanen ƙauye ba tsaransu ɗaya ba, har kashi huɗu ta kasa su, kuma na ƙarshen talaucinsu ya kai su kasa noma gonarsu. Mutum ne rumbunsa ya ƙare tun kafin damina ta kankama, dole ya tafi ƙwadago gonar mai hali don ya samo awon yau, tasa gonar ciyawa na ci. Da kaka ya sayar da ɗan abin da ya samu da araha don ya biya bashi, da bazara ya sayi hatsin nan da tsada, wani lokaci daga hannun wanda ya sayar wa. In abin ya yi tsanani ya jinginar da gonar. Duk wanda ya tashi a ƙasar Baure ko Zango ya san wannan zagayen ba sai an karanta masa da Turanci ba. Abin mamaki shi ne baƙuwa ce ta rubuta shi dalla-dalla, masu ƙaga labari kuwa suna ta maimaita cewa noma tushen arziki.

Gasar da Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya ta shirya, wadda littattafanta suka fito a 1982, ita ce ta kawo mu kusa da abin da muke nema, kuma Katsinawa biyu ne suka kawo mu. Sulaiman Ibrahim Katsina ya rubuta Turmin Danya, labarin Alhaji Gabatari, attajirin da ya yi dukiya da fasa-ƙwauri ya kuma sayi duk wanda ke sayuwa. Ga mu mutanen bakin iyaka, wannan littafi kamar a ƙofar gidanmu aka rubuta shi. Marubucin ya san yadda kaya ke ƙetarowa, ya san yadda kuɗi ke toshe baki, bai kuma yi wa mai kuɗi kara ba. Shi kuwa Bature Gagare, a Ƙarshen Alewa Ƙasa, ya ɗauko Mailoma daga cikin Maguzawa, ya bi da shi ta yaƙin basasa har ya zama uban 'yan ta'adda. Babu wanda ya taɓa rubuta ƙauye da irin wannan zafin kafinsa, ƙauyen da ke da bori da giya da gaba da jini, wanda ba a share masa tsakar gida don baƙi ba.

Duk da haka, a cikin littattafan biyu idon marubuci yana kan babban mutum ne, ko babban azzalumi ko babban ɗan ta'adda. Ƙananan mutanen da ke kewaye da Gabatari, masu dako da 'yan kore da matan da ake kawo masa, suna nan ne don su nuna girman ɓarnarsa. Da sun gama wannan aiki sai a ture su gefe. Ba mu bi ɗaya daga cikinsu gida mun ga wa yake ciyarwa ba. Wannan gurbi har yanzu a buɗe yake, alhali abin rubutawa sai ƙaruwa yake yi. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ba sai Disamba na 2020. An sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yuli na 2023, sai a Maris na 2024 aka buɗe. Me ya sami yaron da ke ɗauko buhu biyu na shinkafa a babur ta bayan Kwangwalam a waɗannan watanni? Me ya sami mai tallar fura a kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi da shanun Damagaram suka daina shigowa? Ga titin jirgin ƙasa na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 ya ratso ta gonakin mutane. Wa ya rubuta mana labarin magidancin da ya karɓi diyya ya wayi gari da kuɗi a aljihu ba gona?

To, mu zo kan ɗan daudu, inda maganar ta fi wuya. A littattafan kasuwa da finafinai fuska biyu kawai yake da ita. Ko dai kawali ne da ke lalata 'yar mutane, ko kuma abin dariya ne mai karairaya da tafa hannu. Marigayi Rabilu Musa ya fito a Ibro Ɗan Daudu a farkon shekarun 2000, jama'a suka yi ta ƙyaƙyatawa, kuma kusan duk wanda ya saka ɗan daudu a labari bayan nan kwaikwayon wannan kwaikwayon yake yi. Ba a ba shi uwa, ba a ba shi garinsu, ba ya ciwo, ba ya tsufa. Yakan faɗo cikin babi kamar daga sama, ya yi habaicinsa, ya ɓace.

Nan ma baƙi sun riga mu. Renée Pittin ta zauna a birnin Katsina a farkon shekarun 1970, ta yi rubutu a kan gidajen mata masu zaman kansu da 'yan daudun da ke hulɗa da su. Rudolf Gaudio ya yi shekaru yana bincike a Kano, ya fitar da Allah Made Us a 2009. Mutum ba sai ya yarda da duk fassarar da suka yi ba kafin ya amfana da abin da suka gani. Sun ga cewa daudu, kafin komai, hanyar cin abinci ce ga mutane da yawa: dafa tuwo da shinkafa a tasha da kasuwa, suyar kaji, girkin biki, aikin da namiji mai jin kansa ba ya taɓawa. Sun ga cewa da yawansu daga ƙauyuka suka zo, yara ne da aka tsangwama a gida saboda tafiyarsu ko muryarsu, suka sami wani babba a birni ya riƙe su ya koya musu sana'a. Wasu sun yi aure sun haifi 'ya'ya, wasu sun je Makka sun yi aikatau a Jidda sun dawo ana kiransu Alhaji. Gaudio ya kuma bambanta ɗan daudu da wanda ake kira mai harka, ya nuna ba kowane ɗan daudu ne ke neman maza ba, kuma ba kowane mai neman maza ne ɗan daudu ba, domin wani da rawaninsa da matansa. Bayan da jihohinmu suka ƙaddamar da shari'a a 2000, aka rufe gidajen mata da yawa, waɗanda abin ya fi faɗa wa su ne marasa galihun cikinsu, masu tukunya a bakin tasha. Masu rawani ba abin da ya same su.

Duk wannan kayan labari ne, kuma mai nauyi. Ka ɗauki uban da ya kori ɗansa da sanda yana ɗan shekara goma sha biyar, yau kuma ɗan ne ke aiko kuɗin taki duk bazara ta hannun direban motar kasuwa. Uban yana karɓa, bai taɓa tambayar wace sana'a ce ta kawo kuɗin ba, domin ya sani. Uwar tana ɓoye atamfar da ya aiko mata a ƙasan adaka, ba ta ɗaura ta sai za ta unguwa wani gari. Ƙannensa mata da kuɗinsa aka yi musu kayan ɗaki, amma ranar ɗaurin aure an roƙe shi kada ya zo. Akwai irin wannan gida a ƙasar nan, mai karatu ya sani, mu ma mun sani. Wane littafinmu ne ya shiga cikinsa?

A nan ne muke ganin ya kamata mu leƙa wata ƙasa mai nisa. Jamhuriyar Ailan, wadda ke kan tsibirin da ke yamma da Ingila, mutanenta a ƙidayar 2022 miliyan 5.1 ne da 'yan kai, ba su kai mutanen Jihar Katsina a ƙidayar 2006 ba, wato miliyan 5.8. A da ƙasa ce ta manoma da makiyaya wadda addini ya riƙe da ƙarfi, 'ya'yanta kuma suka yi ta fita cin rani Ingila da Amurka. Wani marubucinsu mai suna Donal Ryan, haifaffen 1976 a yankin Tipperary, ya yi suna da littafinsa na farko, The Spinning Heart, na 2012, inda mutum 21 na wani ƙaramin gari kowa ya ba da labari da bakinsa bayan ɗan kwangilar da ke ba su aikin gini ya karye ya gudu da haƙƙinsu. Amma wanda ya fi shafar maganarmu shi ne Strange Flowers, wato baƙin furanni, na 2020.

Ga yadda labarin yake. A 1973 wata budurwa 'yar shekara ashirin, Moll Gladney, ta fita da sassafe ta hau mota ta ɓace. Ubanta Paddy mai raba wasiƙu ne, kuma shi ke kula da gona da dabbobin wasu masu ƙasa, gidan Jackman, a filinsu ma ɗan gidansa yake. Shi da matarsa Kit suka nema har Dublin, suka gaji, suka koma ga addu'a. Bayan shekara biyar sai ga ta ta dawo, ba ta ce uffan ba. Can sai ga wani baƙar fata daga Landan, Alexander, ya biyo ta, ashe mijinta ne, har da ɗa tsakaninsu. Mai karatu zai zaci asirin ke nan. Sai can kusa da ƙarshe ake gane cewa abin da ya kore ta tun farko shi ne abin da ke tsakanin zuciyarta da Ellen Jackman, matar maigidan ubanta.

Abin lura ga marubuci shi ne inda Ryan ya ajiye idonsa. Kashin farko na littafin kusan duk a kan iyayen yake, yadda maƙwabta ke yi musu jaje da baki suna gulma da ido, yadda Paddy ke ci gaba da zagayensa da keke yana gaisawa da kowa alhali cikinsa ya mutu. Akwai wurin da ɗan masu gonar, yaro ƙarami da Paddy ya gani tun yana goye, ya ci masa mutunci ya tuna masa cewa shi bara ne, dattijon ya haɗiye, domin rufin da ke kansa ba nasa ba ne. Da wannan ne marubucin ya ɗaure al'amuran biyu da igiya ɗaya. Asirin 'yar ba a sarari yake yawo ba, yana zaune ne a cikin gidan da ba a isa a ɗaga murya ba saboda talauci. Da Moll 'yar masu gonar ce, da labarin ya zama wani daban. Kuma a duk littafin babu shafin da uba zai ji kunyar a karanta a gabansa saboda batsa. An nuna abin ta hanyar shiru da kauda kai da abin da aka ƙi faɗa, dabarar da Bahaushe ya fi kowa sani, tun da mu ne masu kunya da alkunya da sakaya zance.

Ba mu ce littafin ba shi da rauni ba. Ryan ya riƙe asirin ya daɗe ƙwarai, har Moll ta zama kamar inuwa a labarin da ya kamata ya zama nata. Alexander ya cika kirki, ba ya fushi, ba ya kuskure, kamar an tsoraci a ba baƙar fata aibi irin na sauran mutane, wannan ma wani nau'in rashin gani ne. Ga kuma wani dogon labari na makahon da ke cikin Linjila, wanda ɗansu Joshua ke rubutawa, an cusa shi a tsakiya ya rage wa tafiyar sauri. Jimlolinsa dogaye ne masu zaƙi, wani lokaci zaƙin ya yi yawa har ya rufe ɗacin da ake son a ji. Wata matashiya, Chloe Michelle Howarth, a littafinta Sunburn na 2023, ta bi ta ɗaya hanyar, ta bar yarinyar ƙauyen ta ba da labarin da bakinta tun daga shafin farko, sai dai ita kuma iyaye da aikin gona sun koma bango a wurinta. Kowannensu ya sami rabi.

Mun san abin da wani ɗan'uwa zai ce, kuma yana da hujja. Zai ce Ailan ta soke dokar da ta haramta wannan abu a 1993, ta kuma jefa ƙuri'a a 2015 kashi 62 cikin ɗari suka amince da auren jinsi, mu kuwa Musulmi ne, hukuncin abin a addininmu sananne ne, dokar ƙasa ta 2014 ma ta tanadi ɗaurin shekara 14. Haka ne, kuma ba mu ɗauki alƙalami don mu canza wa kowa fiƙihu ba, ba kuma aikin mujallar adabi ba ne. Amma hukuncin sata sananne ne, ba ta hana Ɗangambo shiga zuciyar ɓarawo ba. Hukuncin kisa sananne ne, Gagare ya zauna da Mailoma shafi ɗari-ɗari. Ibrahim Sheme ya bi rayuwar karuwa daga ƙuruciya a 'Yartsana, ba wanda ya ce ya halatta karuwanci. Balaraba Ramat Yakubu ta buɗe ɗakin auren dole a Wa Zai Auri Jahila? da ɗakin mijin da ya wofintar da iyali a Alhaki Kuykuyo Ne, aka yi ta surutu, yau kuma ana koyar da ita a jami'o'i, har an fassara na biyun zuwa Turanci a 2012. Me ya sa sai a kan mutum ɗaya ne siffantawa ke zama yarda? Wanda ya nuna ɗan daudu yana kuka a jana'izar uwarsa daga bayan dangi, inda aka tsayar da shi, bai ce komai a kan halal da haram ba. Ya faɗi abin da ya faru ne.

Su ma mutanen Ailan ba da sauƙi suka kai ga rubuta ƙauyensu ba. Sun kafa dokar tace littattafai a 1929. An haramta The Country Girls na Edna O'Brien a 1960, saboda ta rubuta abin da 'yan matan karkara ke ji a ransu. An haramta The Dark na John McGahern a 1965, ya kuma rasa aikinsa na malamin makaranta. Mu ma mun ga namu. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Kano a 2001, aka ƙona littattafai a wata makarantar 'yan mata a 2007, aka nemi marubuta su yi rajista ɗaya-ɗaya a 2008, lamarin da ya jawo doguwar taƙaddama. Saboda haka tsoron da matashin marubuci ke ji ba na banza ba ne, kuma ba za mu zauna a inuwa mu tura shi rana ba.

Wani abin da ke damunmu shi ne harshe. Elnathan John, ɗan Kaduna, a Born on a Tuesday na 2015, ya ba da labarin almajiri Ɗantala, wanda uwarsa ke ƙauye ambaliya ta cinye mata 'ya'ya, shi kuma yana Sakkwato a hannun wani malami. A ciki akwai wurin da yaron ya ga abin da ke tsakanin wasu samari biyu da suke kwana wuri ɗaya, abin ya tsaya masa a rai, ya rasa wanda zai tambaya. Duk wanda ya yi zaman makarantar allo ko ta kwana ya san ba ƙage ba ne. An rubuta wannan da Turanci, an karanta a Legas da Landan, an yaba. Mutanen da labarin ya shafa kuwa, masu magana da Hausa, ba su da shi a harshensu. In aka ci gaba a haka, Turanci zai zama ɗakin da ake faɗin gaskiyar rayuwarmu, Hausa kuma ta zama ta wa'azi da soyayyar 'ya'yan masu kuɗi. Mawaƙanmu ba su yarda da wannan rabon ba. Ɗan Maraya Jos ya yi wa karen mota waƙa da kuntiginsa. Shata, wanda kabarinsa ke nan Daura tun 1999, ya waƙe sarakuna ya kuma waƙe direbobi da matan bariki, da Hausar da kowa ke ji, ba wanda ya ce ya bar ta sai an fassara.

Ga wanda ya ji zai gwada, akwai haɗarin da ya fi na hukumar tacewa, kuma shi ne ya fi kamata ya hana shi barci. Ƙauye ba ya ɓoye mutum. In ka ɗauki maƙwabcinka ka canza masa suna kawai, ka bar masa sana'arsa da unguwarsu da tabon da ke goshinsa, to duk wanda ya karanta daga Zango har Kwangwalam zai gane shi, kuma abin da zai biyo baya ba sharhin adabi ba ne, yana iya zama duka ko kora ko kotu. Kai ka sami littafi, shi ya rasa wurin kwana. Howarth ƙirƙirar ƙauyenta ta yi, ta sa masa suna Crossmore, babu shi a taswira. Haka ya kamata a yi a nan: a ƙagi garin, a haɗa mutum uku a fitar da ɗaya, a ɗauki sana'ar wannan a ba wancan, a mai da na gabas yamma. Abin da ba a taɓawa shi ne farashin kwanon gero a watan Yuli, da nisan rijiya, da yawan itacen da tukunyar shinkafa ke ci a tasha kafin azahar, da irin gaisuwar da uba ke yi wa ɗan da yake jin kunyarsa in sun haɗu a kasuwa gaban mutane.